Shirun Wayar Inna

Sau uku mahaifiyata ta gaya mini ba ta da lafiya. Duk sau ukun nan wayata tana manne a kunnena, amma ko kalma ɗaya ban ji ba. Allah ya jiƙanta, ta rasu a bazarar da ta biyo baya. Na daɗe ina ɗora laifin a kan wayar da na saya mata, kuma wayar tana da nata kason, amma in dai gaskiya zan faɗa, kasona ya fi nata girma.

Ni ne ɗanta na fari. A ƙauyenmu, can arewa da Sule Tankarkar inda in ka tsaya a gonarmu kana hangen itatuwan Nijar, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Inna kuwa jinin Fulani ce, tata kunyar ta fi ta kowa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa yayanku ya zo." In na je gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa idonta yana wani wuri: lafiya lau, ya iyali, madalla. Daga nan sai shiru. Ni in yi ta zuba labari, na makaranta da na yara da na tsadar taki, ita tana ta aikin hannunta, jefi-jefi ta ce "to". In na gama in ɗan dakata don ladabi, sannan in yi sallama in tashi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Matar da za ta tara man shanu na wata guda ta ba matata ta ce na yara ne, alhali duk gidan an san ni ne mayen man shanu, ai ba sai ta yi magana ba.

Da waya ta zo, sai muka kwashe wannan zaman namu muka zuba a cikinta. Tana da wata ƙaramar waya mai madannai, bayanta a ɗaure da roba, lambobin jikinta duk sun goge. Duk Litinin da Juma'a nakan kira ta lokacin tara, tsakanin darasi da darasi, don ina koyar da lissafi ne a wata sakandare a Gumel. Mu gaisa, in yi bayanina, in dakata, in ce, "To Inna, shi ke nan, bari in koma aji." Shekaru muka yi a haka, babu wanda ya koka.

Ni na tsokano abin. Wayar nan tata ta tsaya mini a rai, ina ganin kamar zubar da girma ne a ce uwar malami guda tana riƙe da abin da aka ɗaure da roba. Gab da faɗuwar damina na saya mata sabuwa fil, babba, irin wadda ake shafawa, fuskarta kamar tafin hannu. Na zauna na sa hoton kowa a kan lambarsa tunda ba ta karanta boko. Tun rasuwar mahaifinmu a gidan baffana take zaune, don haka matar baffa na koya wa yadda ake ɗagawa, ita kuma ta koya mata. Inna ta juya wayar a hannunta, ta ce wa matar baffa, "Ki ce masa an gode, amma waccan ma ba ta ce ta gaji ba." Na yi kamar ban ji ba, na cire layin daga tsohuwar na sa a sabuwar.

Kiran farko da na yi, muryarta ta fito tar kamar tana gabana. Muka gaisa, sai shiru. Shiru na sosai, ba kukan kaji, ba awaki, ba ƙarar turmi. Wallahi har daɗi na ji. Na ce wa abokin aikina ka ga amfanin waya mai kyau, har hayaniyar gida take tacewa. Na lura "to" ɗin nan nata na jefi-jefi ya ɓace, na ce fushi take don na raba ta da tsohuwarta, za ta huce. Na yi bayanina, na dakata kamar kullum, na ce shi ke nan zan koma aji.

Ƙanwata ce ta fara kawo ƙara. Tana aure a Gagarawa, lokacin tana da ciki, kuma ita auta ce, bakinta da na Inna ba ya rufuwa in sun haɗu. Ta kira ni ta ce, "Yaya, wayar nan da ka saya wa Inna fa ba ta da lafiya. Muna cikin magana sai ta ɗauke ɗif. Ita tana jina, ni ba na jin ta. In yi ta ihu har maƙwabta su leƙo."

Ni mutum ne da ba ya son a ce ya yi kuskure, ɗalibaina ma sun sani. Na ce, "Ke dai taki wayar ce. Ni sau biyu a mako nake kiranta, ban taɓa samun matsala ba."

Wannan maganar na maimaita ta ya fi sau goma a daminar nan, da ƙarfina, har da buga tebur. Ita ce hujjata a kan kowa.

Duk da haka na je ƙauye ranar wata Asabar don in rufe mata baki. Ina dubawa kuwa sai na ga matsala ta gaske: wayar tana barin sabis ɗinmu ta kama na Nijar, shi ya sa katin da nake sa mata yake ƙonewa ba a san inda ya tafi ba. Na zauna a zaure na shiga setin na ɗaure ta a kan namu. Na ba matar baffa ta riƙe, na fita ƙofar gida na kira, muka yi magana lafiya lau. Na koma ciki ina taƙama, na durƙusa na ce, "Inna, an gyara. Yanzu duk abin da kika faɗa ana ji sarai." Ta ce madalla.

Ba a yi mako ba ƙanwata ta sake kira. Abin yana nan. Wani lokaci su yi hira ta ƙare lafiya, wani lokaci ta ɗauke tun ba a yi nisa ba. Na ce to, ƙila layin ne, na sauya layi. Yana nan. Na ce ƙila ƙura ce ta toshe ramin da murya ke shiga, na sa tsinken sakace na share. Yana nan. Ana tsakiyar noma na ɗauko wayar na kawo ta Gumel wurin wani mai gyara da nake yarda da shi. Ya kira ni da ita a gabana, muka yi magana, babu komai. Ya ce, "Malam, ni ban ga ciwo ba." Na ce ka dai duba da kyau, ai ba mahaukata ne suke faɗa ba. Don ya rabu da ni ya buɗe ta ya sauya ɗan abin da ke ɗaukar murya. Kwana goma wayar ta yi a shagonsa, kwana goma Inna ba ta da waya, ni kuwa ko a jikina, ina ganin hidima nake yi mata.

Na mayar mata, na sake durƙusawa, na sake cewa an gyara, yanzu kam har numfashinki ana ji. Ranar Litinin na kira don in tabbatar. Muka gaisa, shiru ya biyo baya kamar yadda na saba. Na tuna ranar na ɗan daɗe da dakatawa, don ina duba wata takarda a kan tebur. Da na gama dubawa na ce, "To Inna, shi ke nan, bari in koma aji." Na kashe ina murna, na aika wa ƙanwata saƙo cewa magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Da kaka ta yi, ƙanwata ta haihu, ta ce mini in ba zan iya ba in mayar wa Inna tsohuwar wayarta. Kai, maganar nan ta ƙona mini rai! Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta na ɗauki wayar sai kasuwar Maigatari, wurin wani dattijo mutumin Damagaram da aka ce babu wayar da ke gagarar sa. Yana zaune a wata 'yar rumfa, gemunsa duk furfura, tabarau a kan karan hanci. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya gwada wayar, ya juya ta, ya sake gwadawa.

Ya ce, "Ba rezo ba ne." Haka suke ce wa sabis a can. "Ba kuma ciki ba ne. Wa ke riƙe da ita?"

Na ce mahaifiyata.

"Yaya take amsa kira?"

Na ce, "Haba malam, amsa kira har iri gare shi? A kunne mana."

Ya ce, "Ka gani da idonka?"

Na ce a'a. Ya ce in koma in zauna kusa da ita in ga yadda take yi daga ɗagawa har ajiyewa, don shi a hannunsa wayar lafiyarta ƙalau. Na ji maganar kamar rainin hankali. Ni in zauna in zuba wa Inna ido? Tunda nake ban taɓa kallon fuskarta na minti guda cur ba, ita ma haka. Na nace sai ya yi wa wayar filashin, wato a wanke duk abin da ke cikinta a sake zuba sabo. Ya girgiza kai ya yi. Hotunan da na jera duk suka tafi, na kwana biyu ina sake jera su.

Ranar Asabar da hantsi na isa ƙauye. Baffa ya tafi gona, sai na zauna jiransa a kan tabarma gefen rumbu. Inna da matar baffa suna ƙarƙashin rumfa, tulin zoɓo a gabansu suna ɓarewa, hannayensu sun yi ja wur. Na lura Inna ta rame, kuma ba ta ɗaga hannunta na hagu sosai, sai ta jawo zoɓon da na dama. Na ce a raina aikin kaka ne. Na miƙa wayar ta hannun matar baffa, ban ma iya cewa an gyara ba wannan karon.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, ƙanwata ce. Ba don na ji maganar dattijon nan ba, sai don ba ni da abin yi, na saci kallo ta gefen ido. Inna ta goge hannu a zane, ta ja koriyar alamar sama, ta kai kunne. Suka gaisa, ta tambayi jariri. Sai na ga ta janye wayar daga kunnenta, ta ɗaga gefen ɗankwalinta, ta cusa ta ciki ta manne da kumatu, ta gyara ɗaurin, ta mayar da hannayenta kan zoɓo. Haka matan garinmu suke yi da ƙananan wayoyinsu tun fil azal, don aiki ba ya jiran hira. Na sha ganin haka a wurin mata ɗari, ban taɓa kawo Inna a ciki ba.

Ta ci gaba da magana, tana ba da labarin wata akuya da ta haihu. Can sai na jiyo siririyar muryar ƙanwata daga cikin ɗankwali tana ƙwala kira, "Inna! Inna! Ba na jin ki!"

Na tashi ban san na tashi ba. Na ce wa matar baffa ta karɓo mini wayar yadda take, kada a taɓa komai. Fuskar wayar a kunne take, ga alamar abin magana nan an ja mata layi. Ashe da zarar ta janye wayar daga kunne sai fuskar ta haskaka, tana cusa ta kuma sai kumatunta ya danna wurin da ke rufe murya. Na sa ta a kunnena, na janye, na goga a kumatuna, ta sake yi. Wata biyar ina yawo tsakanin Gumel da Maigatari, ashe abin yana cikin ɗankwali.

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce wa wayar, "Na kama ki!" Na shiga yi wa matar baffa bayani kamar ina gaban allo, cewa in ta riƙe a hannu babu abin da zai faru, sai in ta cusa. Matar baffa ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Ai kuwa in kai ne ka kira ba ta taɓa riƙewa a hannu. Ɗaukar aikinta take ta koma bayan rumbu. Wani lokacin ma ina hango ta ta daɗe bakinta yana motsi."

Dariyar ta yanke. Na ce, "Bakinta yana motsi? In ni na kira?"

Ta ce, "Ƙwarai. Har na ce a raina ashe waya ta raba ku da kunya."

Na juya wajen Inna. Ta sunkuyar da kai tana ɓarar zoɓo kamar ba da ita ake ba. Na durƙusa na ce, "Inna, magana kike yi mini?" Ba ta ɗago ba. Na san ko zan kwana a nan ba za ta amsa ba, ba a gabana ba, ba ido da ido ba.

Na roƙi matar baffa ta ba ta wayar, ta ce mata don Allah ta riƙe a hannu, sannan ita ma ta ba ta wuri. Na fita daga gidan na zaga bayan katanga, daidai inda rumfar take, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Na kira. Ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗaga.

Na ce, "Inna, tun ranar da na kawo wayar nan, bayan gaisuwa ban ƙara jin komai daga bakinki ba. Wallahi tallahi ban ji ba."

Ta ce, "Ai ka ce an gyara."

"Na ce."

"In ba a jina, ƙanwarka takan yi ta ihu. Kai ba ka taɓa cewa ba ka ji ba."

Shiru ya biyo baya, amma wannan karon ina jin kaji, ina jin numfashinta. Wannan ne shirun Inna na gaskiya, kuma sai a lokacin na gane bai yi kama da wancan ba ko kaɗan. Ɗan da ya san uwarsa da tuni ya bambance su.

Can ta ce, a hankali, tana tsayawa tsakanin kalmomi, "Akwai wani abu a ƙirjina, ɓangaren hagu. Ƙulli ne. Tun kafin shuka na ji shi, lokacin bai fi ƙwallon dabino ba. Yanzu ya girma, har ƙarƙashin hammata." Ta ce ba ta gaya wa ƙanwata ba saboda cikin da ke jikinta, ba a ɗora wa mai ciki irin wannan. Matar baffa kuwa in ta ji, gari ya ji. Ni ne babba, ni zan san asibiti. Ta faɗa mini a makon farko. Ta sake faɗa bayan na raba wayar da Nijar. Ta sake faɗa bayan an dawo da ita daga Gumel, ranar da na daɗe ban yi magana ba, har ta sa rai zan ce wani abu.

Na ce, "Sai na ce me?" Na san amsar, amma na tambaya.

"Sai ka ce shi ke nan, za ka koma aji." Sannan ta ce, "Na ce ƙila nauyin maganar ne ya kama ka, ba irin wadda ɗa ke ji daga bakin uwa ba ce. Sai na ce kada in ƙara ɗora maka."

Na jingina da katangar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Ta ji ni, ta waya da ta bayan katanga duka. Ba ta ce in yi shiru ba, ta dai ce, "Rana tana yi, ka shigo inuwa."

Kafin in bar gidan na sa aka ɗauko tsohuwar wayar daga cikin kwallarta, inda ta naɗe ta a tsumma ta ajiye. Na mayar da layin. Ta kama nan take, da robarta da komai.

Ranar Litinin na kawo Inna asibiti a Gumel, daga nan aka tura mu Kano. Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Bayan ta gama sai ta sa aka kira ni ciki. Inna tana zaune a bakin gado ta ja mayafi har goshi. Likitar ta faɗi sunan ciwon, wanda duk muka riga muka zata, ta ce ya yi nisa, za a yi abin da za a iya. Sannan ta dubi Inna ta ce, "Mama, tun yaushe kika fara jin shi?"

Inna ta ce tun kafin damina.

Likitar ta ajiye alƙalaminta ta juyo kaina, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu? Wata nawa ke nan? Me ya hana ku zuwa tun lokacin?"

Na buɗe baki. Ban san ta inda zan fara ba, ko ta waya, ko ta ɗankwali, ko ta taurin kaina. Kafin in haɗa kalma ɗaya sai Inna ta yi magana, idonta a kan tayil ɗin ɗakin, muryarta ko rawa ba ta yi.

Ta ce, "Kada ki ga laifinsa, 'yar nan. Ni ce ban faɗa masa ba."

Likitar ta girgiza kai ta ce haka tsofaffinmu suke, sai su yi ta ɓoye ciwo, ta ci gaba da rubutunta. Ni kuwa ina tsaye riƙe da jakar kayan Inna, ban gyara maganar ba.